Matan da Suka Yi Tuntuɓe: Yadda Ya Kamata a Karanta Labarinsu

Duk wanda ya daɗe yana halartar taron mata a majami'a ya san irin wa'azin da aka saba yi musu. Mai wa'azi yakan raba matan Littafi Mai Tsarki gida biyu. A dama ya jera Rut, da Hannatu, da Esta, da Maryamu uwar Ubangiji. A hagu ya jera Hawwa'u, da Delila, da Yezebel, da matar Lutu. Daga nan sai ya ce wa mata su yi koyi da na dama, su guji halin na hagu. A yi waƙa, a yi addu'a, kowace ta kama hanyar gida.

Irin wannan wa'azi yana da sauƙin shiryawa, amma amfaninsa kaɗan ne ga matan da suke zaune a kan benci. A cikinsu akwai wadda ta daɗe da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, uwar mijinta kuwa ta fara yi mata habaici. Akwai wadda ta san a ranta ta fifita ɗa ɗaya a kan 'yan'uwansa. Akwai wadda ta mari 'yar aikinta da safe kafin ta ɗaura ɗankwalin zumunta. Kowace ta san ita ba Rut ba ce. In jeri biyu ne kaɗai, ashe wurinta yana hagu tare da Yezebel. Wadda ta gaskata haka, ko dai ta ɓoye halinta ta ci gaba da waƙa, ko ta fid da zuciya ta daina zuwa sujada.

Littafi Mai Tsarki bai raba mata haka ba. Tun 1932 aka buga shi gaba ɗaya da Hausa, kowa yana iya buɗewa ya gani da idonsa. Da yawa daga cikin matan da aka ba da labarinsu da tsawo a tsakiya suke: sun gaskata Allah, sun kuma yi laifi mai nauyi. Marubutan ba su ɓoye laifin ba, ba su kuma ƙara masa gishiri ba. Wanda yake son fitar da darasi daga labarin irin wannan mace sai ya yi tambaya uku. Me ya tura ta? Ina mijinta ko ɗan'uwanta yake a lokacin? Me Allah ya yi daga baya?

Saratu da baiwarta

Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran da alkawarin Allah cewa zai zama babbar al'umma. Ya girme Saratu da shekara 10. Suka shekara 10 a ƙasar Kan'ana, ba ɗa ba labarinsa. Sai Saratu ta ɗauki baiwarta Hajaratu, Bamasariya, ta ba mijinta don ta sami ɗa ta wurinta (Farawa sura 16).

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasashen gabas na wancan zamani. Dokokin Hammurabi sarkin Babila, waɗanda aka tono dutsen da aka rubuta su a kai a Susa ta ƙasar Iran a 1901, sun yi maganar matar da ta ba mijinta baiwa, baiwar ta haihu, ta fara ɗaukar kanta daidai da uwargijiyarta. Wato Saratu ta bi hanyar da mutanen zamaninta suka sani. Maƙwabta ba za su ga laifinta ba, watakila ma su yaba mata. Amma ranar da cikin Hajaratu ya bayyana, zaman lafiya ya ƙare a gidan. Baiwa ta fara raina uwargijiyarta. Saratu ta ɗora wa Ibrahim laifi. Ibrahim ya zame jikinsa, ya ce baiwar tana hannunta, ta yi da ita yadda ta ga dama. Saratu ta wahalshe ta har mace mai ciki ta gwammace jeji da gida.

Masu wa'azi sukan tsaya a kan rashin haƙurin Saratu, su ce sauri ya haifi nawa. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Babban laifin Saratu yana cikin abin da ta yi wa wadda take ƙarƙashinta. Ta yi amfani da jikin yarinyar don biyan bukatarta, da abin ya juya mata sai ta huce a kanta. Masana Ibrananci sun lura kalmar da aka yi amfani da ita a kan wahalar da Saratu ta ba Hajaratu ita ce aka sake amfani da ita a littafin Fitowa a kan wahalar da Masarawa suka ba Isra'ilawa. Kafin jikokin Saratu su sha wuya a hannun Masarawa, wata Bamasariya ta riga ta sha wuya a hannun Saratu.

Wanda ya bi Hajaratu cikin jeji shi ne mala'ikan Ubangiji. Wannan ne wuri na fari a Littafi Mai Tsarki da aka ambaci mala'ikan Ubangiji yana magana da wani, kuma da baiwa baƙuwa ya yi maganar, a bakin wata maɓuɓɓuga a hanyar Shur. Saratu da Ibrahim baiwa suke ce da ita, shi kuwa ya kira ta da sunanta. Hajaratu ta raɗa wa Allah suna mai nuna shi mai ganinta ne. Matar da take da 'yar aiki a gida, yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana ƙarama, mai tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, ta ci abin da ya ragu a tukunya, ya kamata ta karanta wannan sura da rawar jiki. Allahn da take yi wa waƙa ran Lahadi ya san sunan yarinyar.

Akwai kuma maganar dariya. Ana yawan zargin Saratu don ta yi dariya a bayan ƙofar alfarwa da ta ji za ta haihu da tsufa, ta kuma yi musu don tsoro (Farawa 18). Ba safai ake tunawa ba cewa Ibrahim ya riga ta yin dariya a sura ta 17, a kan maganar nan ɗaya. Ba safai kuma ake tunawa ba cewa sau biyu Ibrahim ya ce ita 'yar'uwarsa ce don ya tsira da ransa, aka kai ta gidan Fir'auna, aka sake kai ta gidan Abimelek. Wannan bai wanke Saratu ba. Yana dai nuna irin gidan da ta zauna a ciki.

Duk da haka Allah bai janye alkawari ba. Saratu ta haifi Ishaku tana da shekara 90, ma'anar sunansa kuwa dariya. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 11 ta ambaci sunanta a cikin labarin bangaskiya. Ga macen da take jiran haihuwa, darasin shi ne kada matsin dangi ya tura ta ga hanyar da za ta cuci wani. Ga ikkilisiya kuwa darasin ya fi nauyi: mace bakarariya ba ta ƙarƙashin la'ana. Saratu, da Rifkatu, da Rahila, da Hannatu, da Alisabatu duk sun daɗe ba haihuwa. Jama'ar da take barin irin wannan mace ita kaɗai da bakin dangin miji tana da rabo a cikin abin da ƙunci zai sa ta yi.

Rifkatu da ɗan lele

Rifkatu ma ta shekara 20 ba ta haihu ba, gama Ishaku ya aure ta yana da shekara 40, aka haifi tagwayen yana da 60. Da cikin ya dame ta, ita da kanta ta je ta nemi Ubangiji, aka kuwa faɗa mata babban zai bauta wa ƙaramin (Farawa 25). Mace ce mai addu'a, kuma ita aka ba wannan magana.

Amma gidan ya rabu biyu tun yaran suna tasowa. Ishaku ya fi son Isuwa saboda naman farauta, Rifkatu ta fi son Yakubu. Da Ishaku ya tsufa, idonsa ya dushe, ya kira Isuwa shi kaɗai don ya sa masa albarka. Rifkatu tana saurare. Ta sa aka kamo 'yan awaki biyu, ta yi girki irin wanda tsohon yake so, ta sa wa Yakubu tufafin wansa, ta rufe hannuwansa da wuyansa da fatar awakin. Da Yakubu ya ji tsoron la'ana, ta ce ta ɗauke ta a kanta (Farawa 27).

Abin da Rifkatu take nema daidai ne da abin da Allah ya faɗa. Hanyar da ta bi ce karkatacciya. Ta yaudari makaho, mijinta, ta koya wa ɗanta ƙarya da hannunta. A duk surar ba a ga inda miji da mata suka zauna suka yi magana a kan albarkar ba. Shi yana shiri a ɓoye, ita tana shiri a ɓoye. Mai wa'azin da ya tsawata wa Rifkatu ya bar Ishaku bai karanta surar duka ba.

Sakamakon ya zo a hankali. Isuwa ya ƙudura kashe ƙanensa. Rifkatu ta tura Yakubu wurin ɗan'uwanta Laban a Haran, tana zaton 'yan kwanaki ne. Ya shekara 20. A can Laban ya yi masa irin abin da ya yi wa mahaifinsa, ya kai masa Lai'atu cikin duhu a maimakon Rahila. Littafin bai ba da labarin Rifkatu ta sake ganin ɗan lelenta ba. Ya faɗi mutuwar Debora mai renonta, amma tata mutuwar bai ba da labarinta ba, sai dai an ambaci kabarinta a kogon Makfela. Uwar da take ɓoye wa wannan ɗa nama ta hana wancan, ko take rufa wa ɗanta asiri a kan sata don kada uban ya ji, tana gina ramin da ita ma za ta faɗa. Wanda kuma yake cewa ya yi ƙarya ne don aikin Allah ya ci gaba, ya dubi abin da ƙaryar Rifkatu ta ci mata.

Rahila da gumakan ubanta

Labarin Rahila da Lai'atu ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya san gidan kishiyoyi. Ɗaya tana da ƙaunar miji ba ta da ɗa, ɗaya tana da 'ya'ya ba ta da ƙaunar miji. Kowace idonta yana kan abin da ke hannun 'yar'uwarta. Suka shiga gasar haihuwa har da barorinsu, Bilha da Zilfa. Rahila ta nuna wa Yakubu mutuwa ta fi mata zama ba ɗa. Ta sayar wa yayarta kwanan miji don ta sami wani tsiro da ake ɗauka yana taimakon haihuwa, amma Lai'atu ce ta yi ciki (Farawa 30). Uban da ya haɗa su a gida ɗaya da yaudara shi ne tushen wannan baƙin ciki, daga baya ma Shari'a ta hana mutum ya haɗa ya da ƙanwa a aure (Littafin Firistoci 18:18).

Ranar da suka gudu daga gidan Laban, Rahila ta sace gumakan gidan ubanta. Da ya biyo su yana bincike, ta sa su cikin sirdin raƙumi ta zauna a kai, ta ce tana al'ada ba za ta iya tashi ba (Farawa 31). Tana bin Allahn Yakubu zuwa ƙasar alkawari, amma ta riƙe na gida a ƙarƙashinta ko da za a bukace su. Wannan hali bai mutu ba. Akwai mai baftisma da take da laya a ƙarƙashin matashi, akwai mai zuwa addu'ar safe da take aikawa wurin boka da dare in yaro ya yi zazzaɓi. Yawanci tsoro ne yake sa haka. Maganinsa yana cikin sura ta 35: Yakubu ya tara iyalinsa duka, suka ba da gumakan da ke hannunsu, ya binne su a gindin itace kusa da Shekem. Gida duka ne ya tuba tare, ba a tsayar da mace ɗaya a tsakar jama'a aka kunyata ta ba.

Lai'atu ma tana da abin koyarwa. Sunayen 'ya'yanta uku na fari, Ra'ubainu da Saminu da Lawi, duk suna ɗauke da kukanta na rashin ƙaunar miji. A kan na huɗu ta daina wannan kuka, ta sa masa suna Yahuza don yabon Ubangiji. Daga zuriyar Yahuza Dawuda ya fito, daga nan kuma Almasihu.

Maryamu yayar Musa

Maryamu annabiya ce. Ita ta ɗauki ganga ta ja mata waƙa bayan an haye teku (Fitowa 15). Da za a kwatanta da yau, ita ce shugabar zumuntar mata. Amma a Littafin Ƙidaya sura 12 ita da Haruna suka yi ƙorafi a kan Musa saboda matar da ya aura daga Kush, ƙasar da take kudu da Masar, wajen Sudan ta yau. Suka haɗa da cewa ai ba ta bakin Musa kaɗai Ubangiji yake magana ba. Ƙyamar baƙuwa a sama, kishin matsayi a ƙasa.

Maryamu ta kamu da kuturta, fatarta ta yi fari fat. Haruna ya amsa laifinsu su biyu, Musa wanda aka yi wa laifin ya yi mata roƙo. Aka fitar da ita bayan zango kwana 7. Abin lura shi ne jama'a ba su tashi daga wurin ba sai da aka komo da ita. An hore ta, amma an jira ta. Shekaru da yawa bayan haka annabi Mika ya ambace ta tare da Musa da Haruna a cikin waɗanda Allah ya aiko su ja gaban jama'a (Mika 6:4).

A ikkilisiyoyin da kabilu da yawa suke sujada tare, amaryar da aka auro daga wata kabila takan sha wuya a bakin dangin miji, har da masu riƙe da muƙami a majami'a. Wannan sura tasu ce. Dattawan da suke dakatar da mace daga cin jibin Ubangiji, sa'an nan su manta da ita shekara da shekaru, su ma tasu ce. Horon Maryamu yana da ranar ƙarewa.

Waɗanda aka ɗora wa kayan wani

Akwai matan da wa'azi ya ɗora musu abin da Littafi bai ɗora musu ba. Laifi tudu ne, in ji masu magana, mutum ya taka nasa ya hango na wani, kuma yawancin masu hawa bagade maza ne.

Hawwa'u ta ci 'ya'yan itacen, wannan babu musu, Bulus ma ya ce an yaudare ta (1 Timoti 2:14). Amma Adamu aka ba umarnin tun ba a halicce ta ba, yana tare da ita sa'ad da ta miƙa masa, shi kuma Allah ya fara kira ya ba da amsa. A Romawa sura 5 Bulus ya ɗora shigowar zunubi cikin duniya a kan Adamu. Wanda yake cewa mace ce ƙofar zunubi yana maimaita uzurin da Adamu ya kawo ne, Allah kuwa bai karɓa ba.

Bat-sheba ana zarginta da yin wanka a fili don ta jawo hankalin sarki. Littafin bai faɗi haka ba. Ya ce lokacin fita yaƙi ne amma Dawuda ya zauna a Urushalima, shi ya hango ta daga kan soro, ya tambaya aka faɗa masa matar Uriya ce, duk da haka ya aika aka kawo ta (2 Sama'ila 11). Da annabi Natan ya zo, ya kwatanta ta da 'yar tunkiyar matalauci da attajiri ya ƙwace, ya nuna Dawuda da yatsa. Yarinyar da wani babba ya ci zarafinta, in ta ji ana zagin Bat-sheba daga bagade, ta gane in ta yi magana ita za a ba laifi. Saboda haka sai ta yi shiru.

Maryamu Magadaliya ta fi shekara dubu ana kiranta karuwa a ikkilisiyar yamma. Luka 8:2 ya ce an fitar mata da aljannu bakwai, bai ambaci karuwanci ba. A wani wa'azi na shekarar 591 Paparoma Gregori ya haɗa ta da mace mai zunubi ta Luka sura 7, wadda ba a faɗi sunanta ba, maganar ta bi duniya. A 1969 ikkilisiyar Katolika ta gyara wannan a tsarin ranakun tsarkaka, a 2016 kuma aka ɗaga ranar tunawa da ita, 22 ga Yuli, ta zama idi. Ita ce Yesu ya fara bayyana gare ta bayan tashinsa, ya aike ta wurin almajirai (Yahaya 20). In babban malami irin Gregori zai iya wannan kuskure, ƙaramin mai wa'azi sai ya buɗe ayar ya duba kafin ya ɓata sunan mace.

Yezebel da Safiratu

Wannan ba ya nufin babu muguwar mace a cikin Littafi. Akwai, kuma ba a sassauta musu ba. Sai dai a nan ma ana yawan kuskuren gane inda muguntar take.

In an ce Yezebel, abin da yake zuwa bakin mutane shi ne kwalliya. Yarinya ta sa jan baki sai a kira ta Yezebel. Amma maganar kwallin Yezebel aya ɗaya ce tak, a ranar mutuwarta (2 Sarakuna 9:30). Laifofinta da aka ba da labarinsu da tsawo daban ne. 'Yar Etba'al sarkin Sidoniyawa ce, ta karkashe annabawan Ubangiji, a zamaninta annabawan Ba'al sun kai 450, na Ashera 400. Da Nabot ya ƙi sayar wa Ahab gonar inabin da ya gada, ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta sa dattawan gari su yi shelar azumi, su kawo shaidun zur biyu. Aka jajjefe Nabot, Ahab ya tafi ya karɓi gonar (1 Sarakuna 21). Halin Yezebel shi ne cin gadon talaka da ikon miji, da shaidar zur, da fakewa da addini. Mai wannan hali tana iya zama ba ta taɓa sa kwalli ba. Dattawan da suka bi umarnin, da Ahab da ya ci moriyar, Iliya bai bar sarkin ba, shi ya fara tara a cikin gonar.

Safiratu kuwa laifinta yarda ne. Ita da mijinta Hananiya suka sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka nuna kamar duka suka kawo. Ba wanda ya tilasta musu sayarwa, Bitrus ya faɗi haka a fili. Hananiya ya faɗi ya mutu. Bayan wajen sa'a uku Safiratu ta shigo, ba ta san abin da ya faru ba. Bitrus ya tambaye ta ita kaɗai ko kuɗin ke nan, ta ce i (Ayyukan Manzanni 5). An ba ta tata dama, an yi mata nata hukunci. Ana koya wa matan Kirista biyayya ga miji, amma biyayya ba ta kai ga tarayya cikin ƙarya ba. Matar ma'ajin ikkilisiya da ta san inda kuɗin baiko yake tafiya, matar ɗan kasuwa da ta san an rage mudu, ba za ta fake da cewa maigida ne ya ce ba. Abigel ta ƙi bin wautar mijinta Nabal, ta ceci gidanta duka (1 Sama'ila 25).

Bambancin Yezebel da Saratu ba a yawan laifi kaɗai yake ba. Yezebel ta ji labarin wutar da ta sauko a Dutsen Karmel, amsarta ita ce ta aika wa Iliya da barazanar kisa. Har ranar ƙarshe ba ta juyo ba.

Sunaye a cikin asalin Yesu

Matiyu ya buɗe bishararsa da jerin kakannin Yesu, jerin maza ne kamar yadda aka saba, amma ya sa mata huɗu kafin Maryamu. Tamar, wadda ta yi shigar karuwa don surukinta Yahuza ya hana ta haƙƙinta, har shi da bakinsa ya yarda ta fi shi gaskiya (Farawa 38). Rahab, karuwar Yariko, wadda ta ɓoye 'yan leƙen asiri biyu a kan soro, ta ɗaura jan igiya a taga, ta ceci iyayenta da 'yan'uwanta (Joshuwa 2 da 6). Rut, baƙuwa daga Mowab. Sai matar Uriya. Da mai wa'azin jeri biyu ne ya rubuta, da uku daga cikinsu ba su shiga ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa da ta Yakubu duka sun yabi Rahab, kuma ba su ɓoye sana'arta ta dā ba.

Saboda haka matan zumunta, sa'ad da suka zauna nazarin ɗaya daga cikin waɗannan mata, su karanta surar daga farko har ƙarshe da murya, kada su dogara ga abin da suka saba ji. Su kira laifin da sunansa, gama Littafi bai yi wa Saratu ko Rifkatu kara ba. Su nemi abin da ya tura ta, don sau da yawa shi ne abin da yake tura su: tsoron rasa miji, gorin haihuwa, son ɗa, kishin matsayi. Su dubi mazan da ke cikin labarin. Sa'an nan su bi labarin har inda Allah ya kai shi. Masu wa'azi da katekis su ma haka, in za su tsawata wa Rifkatu su tsawata wa Ishaku a wa'azi ɗaya.

Macen da ta ga halinta a cikin Saratu tana da abin yi kafin Lahadi mai zuwa: ta kira 'yar aikinta da sunanta, ta biya ta haƙƙinta, ta nemi gafararta. Wadda ta ga halinta a cikin Rahila ta fito da abin da ke ƙarƙashin matashi. Wadda aka fitar bayan zango kamar Maryamu, 'yan'uwanta mata su je su dubo ta, su tuna wa dattawa cewa Isra'ila ba su tashi ba sai da ta komo.